Yawo Cikin Kurmi Da Lafiyar Samari

Sa'anda Allah ya halicci mutum, wurin zaman da ya fara shirya masa wurin itatuwa ne da ruwa (Farawa 2:8-15). Ubangijinmu Yesu kuma, da ya ga taro ya matsa wa almajiransa, ya fitar da su daga cikin hayaniya domin su huta (Markus 6:31). A wannan wata za mu duba yadda wannan abu ya shafi 'yan'uwanmu baƙar fata na ƙasar Amurka, musamman samarinsu da 'yammatansu.

Bari mu fara da abin da masu ilimi suka gano. A shekara ta 1982 hukumar kurmi ta ƙasar Japan ta soma kiran mutane su riƙa shiga cikin itatuwa, ta ba abin suna, wai wanka da kurmi. Likitocinsu suka auna masu tafiyar, suka tarar bugun zuciya yana lafawa, hawan jini yana raguwa. A 2015 malaman jami'ar Stanford a Amurka suka raba mutane kashi biyu. Waɗansu suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyawa da itatuwa, waɗansu kuwa a bakin babbar hanyar mota. Na cikin itatuwan suka komo da ƙarancin juya baƙin tunani a rai. A 2019 kuma aka bincika amsoshin mutum wajen 20,000 a Ingila. Waɗanda sukan yi sa'a biyu a mako a irin waɗannan wurare sun fi saura cewa suna jin lafiya, ko sun yi sa'a biyun gaba ɗaya, ko kaɗan kaɗan. Wannan fa ba ya hana mai ciwo zuwa asibiti.

Baƙar fata na Amurka suna bukatar wannan magani ƙwarai. Hawan jini ya yi yawa a cikinsu, yakan kama su tun da ƙuruciya. A birane da yawa unguwanninsu ba su da itatuwa kamar na masu arziki, saboda haka zafi ya fi tsanani a can. Duk da haka kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa manyan kurmin da gwamnati ta keɓe domin kowa. Don me?

Amsar tana cikin tarihi. Kafin a hana bauta a 1865, kurmi ne wurin da bawa yakan gudu, a bi shi da karnuka. Bayan an 'yanta bayi kuma, miyagun mutane suka riƙa kama baƙar fata suna rataye su a kan itatuwa ba shari'a. Itacen da Allah ya yi domin inuwa ya zama abin tsoro. Har doka ma ta raba su da Turawa. A kurmin Shenandoah na jihar Virginia an ware musu kusurwa guda, ana ce da ita Lewis Mountain, ba a gama kawar da wannan wariya ba sai 1950. A 1964 aka kafa dokar da ta hana irin wannan rabo a dukan ƙasar. Amma doka ba ta shiga zuciya da sauri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kaka kuwa takan ba jikanta tsoronta tare da tatsuniya. Ba kuma tsoron banza ba ne. A 2020 wani baƙar fata, Christian Cooper, yana kallon tsuntsaye a lambun birnin New York, wata mace ta kira masa 'yan sanda da ƙarya domin ya ce ta ɗaure karenta.

Sai mu tuna da George Washington Carver. An haife shi bawa a jihar Missouri wajen 1864. Yaro ne mai yawan ciwo, ba ya iya aikin gona mai nauyi, sai ya shiga yawo cikin kurmi yana duban tsire-tsire, har maƙwabta suka riƙa ce masa likitan shuka. Daga 1896 ya koyar a makarantar Tuskegee, ya nuna wa matalautan manoma amfanin gyaɗa da dankali. Al'adarsa ce ya tashi da asuba ya shiga kurmi shi kaɗai, ya yi addu'a kafin aikin yini. Yana kuma koya wa ɗalibai Littafi Mai-Tsarki ran Lahadi. Yaron nan da aka ga kamar ba zai yi rai ba ya kai kusan shekara 80, ya rasu a 1943.

Ba kowane saurayi ne zai iya shiga shi kaɗai kamar Carver ba. Wata mace, Rue Mapp, ta gane wannan. A 2009 ta kafa ƙungiya mai suna Outdoor Afro a birnin Oakland, tana horar da shugabanni su riƙa kai mutane cikin kurmi ƙungiya ƙungiya. A ganinmu dabararta daidai ce, gama wanda yake jin tsoro ba wa'azi kaɗai yake so ba, yana so wani ya wuce gaba.

Mu ma mun san tsoron daji. A wurare da dama na ƙasarmu 'yan bindiga sun sa iyaye ba sa barin yara su yi nisa, muna kuwa cewa su ci gaba da hana su. Amma akwai gonar mangwaro kusa da gari, akwai bakin rafi, akwai inuwar darbejiya a bayan majami'a. Bari dattawan ekklesiya su zaɓi wurin da suka tabbata da shi, babba ɗaya ko biyu su raka samari, a bar waya cikin aljihu. Minti 20 kowace rana ya wuce sa'a biyu a mako. A ɗauki ruwan sha, a sa takalmi saboda maciji da ƙaya, a komo gida tun rana ba ta fāɗi ba.