DARASI: ƁOYE TSOHON HAƊARI KO GOBARA WAJEN YANKAR INSHORA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau tambaya ce ta haifar da shi. Wani ɗan uwa daga Ƙauran Namoda, mai motar ɗaukar kaya da ke bin Shinkafi da Zurmi, ya turo mini saƙon murya. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, na tai yankar inshora babba, wadda ka biyan gyaran motata in wani abu ya hwaru. Sai na iske tambaya cikin takarda: ko motar ta taɓa haɗari, ko na taɓa amsar diyya? To gaskiya bara ta faɗi da kaya hanyar Zurmi, kuma wani kamfani ya biya ni. Yaron da ka cike takardar ya ce in rubuta babu, don in na faɗi kuɗin za su hau. Mi ya kamata in yi?"

Allah ya saka maka da alheri, ɗan uwa, da zuciyarka ba ta kwanta ba har sai da ka tambaya. Amsa a gajarce: kada ka rubuta "babu". Ga bayani.

NA FARKO: MATSAYIN INSHORAR KANTA

Na san wani zai ce, "Malam, ai ita kanta inshorar akwai magana." Haka ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 1978, da ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da ke Jidda a 1985, sun tafi a kan haramcin inshorar kasuwanci saboda garari da riba, suka halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Akwai malaman da suka saɓa, irin su Sheikh Mustafa Zarƙa, wanda ya halatta tsarin. Kamfanin inshorar Musulunci na farko an kafa shi a Sudan a 1979. A nan Najeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun samu lasisi a 2016.

Sannan akwai wadda doka ta tilasta wa duk mai abin hawa, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba gyaran taka motar ba. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Malamai da dama sun yi sauƙi a kanta saboda tilas ce.

Shawarata, mai iko ya nemi takaful. Amma ko wacce ka shiga, da son ranka ko da tilas, saɓanin malamai a kanta bai zama lasisin yin ƙarya ba.

NA BIYU: ME YA SA SUKE TAMBAYAR ABIN DA YA WUCE?

Saboda kai ka san motarka, su ba su san ta ba. Kai ka san gidanka, su takarda kawai suke gani. Da amsarka suke auna nauyin da za su ɗauka, su yanka maka kuɗi, ko su sa sharaɗi, ko su ce ba za su iya ba.

A mota sukan tambayi haɗurran da aka yi a shekarun baya da takarda ta ƙayyade, da diyyar da aka taɓa nema, da ko wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka ko ya soke yarjejeniyarka, da wanda ke tuƙa motar, da aikin da take yi: ta gida ce ko ta haya? A gida ko shago sukan tambayi gobara, da ambaliya, da sata, da irin ginin, da abin da ake ajiyewa a ciki. Wanda gidansa ke kusa da Gagare a Ƙaura, ruwa ya taɓa shigar masa, ko wanda ke jibge jarkokin fetur a zaure, ya san waɗannan ba ƙananan bayanai ba ne.

Su kansu Turawa a kan wannan suka gina dokarsu. A shari'ar Carter da Boehm a Ingila, a 1766, alƙali Lord Mansfield ya kafa ƙa'idar cewa inshora tana tsayawa ne a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu, domin ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba. Mu kuwa an karantar da mu wannan fiye da shekara dubu kafin nan.

NA UKU: HUKUNCIN SHARI'A

1. Algus ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Lura da kyau: mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan sama ne. Laifinsa ɓoyewa. Kai ma haɗarin bara ƙaddara ce, ba wanda zai zarge ka a kanta. Ɓoyewar ce za ta zama taka.

2. Yana share albarka. A hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, an rataya albarkar ciniki a kan abu biyu: faɗin gaskiya da bayyanawa. An kuma rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa.

3. Cin dukiya ne da ɓarna, wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, ta kuma sharɗanta yardar juna a kasuwanci. Yardar da aka samu da bayanin ƙarya ba yarda ba ce. Da sun sani, da ba a wannan farashin suka yarda ba.

4. Ko Risala ta Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu, a babin ciniki ta jero algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta ba.

Abin ya fi muni a takaful. Asalinta irin abin da Annabi (SAW) ya yaba wa Ash'ariyawa ne, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tattara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai. A takaful kuɗin da kowa ya zuba asusun mahalarta ne, kamfanin wakili ne mai karɓar ladan kulawa, in an samu rara a raba. To in ka rage abin da ya kamata ka zuba ta hanyar ƙarya, wa ka cuta? Ɗan uwanka direba da ya faɗi gaskiya, da matar da ta yanki takaful don shagonta. Kamar mai shiga adashi ne yana zubi da rabin kuɗi, ranar kwasa ya kwashe cikakke.

NA HUƊU: HASARAR DUNIYA

Mu ɗauki misali. NAICOM ta ƙayyade cewa inshorar mota cikakkiya ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Motar miliyan 8 ke nan aƙalla naira 400,000 a shekara. Mu ƙaddara faɗin gaskiya zai ƙara maka 50,000. Ka ɓoye, ka tsira da dubu hamsin. Ranar da Allah ya kawo tsautsayi, kamfani zai turo mai bincike. Zai duba tsohuwar walda, da wurin da aka cike aka sake fenti, ya nemi rahoton 'yan sanda, ya tuntuɓi kamfaninka na baya. Da zarar ta bayyana ka ɓoye abin da aka tambaye ka, suna da damar rushe yarjejeniyar su ƙi biya. Ka ga ke nan: don dubu hamsin, ka biya dubu ɗari huɗu a kan takardar da ba ta tsare komai, ga motar miliyan takwas a kwance. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In ma ba su gano ba suka biya, ka shigar wa iyalinka da abin da sai ka amsa tambaya a kansa.

NA BIYAR: UZURORIN DA AKE KAWOWA

"Su ma kamfanonin ba sa son biya." In an zalunce ka, akwai sashen karɓar ƙorafi a NAICOM, akwai kotu. Ha'incin wani ba ya halatta maka ha'inci, balle ka rama tun kafin a yi maka.

"Ba ni na cike ba, yaron ne." Wa ya sa hannu? A ƙasan takardar akwai ikirarin cewa duk abin da ke sama gaskiya ne. Shi yaron kamashonsa yake nema, ranar rigima ba za ka gan shi ba. In ba ka jin Turanci, sa wanda ka amince da shi ya karanta maka layi-layi. Ku kuma masu cike wa mutane takardu, ku ji tsoron Allah, mai nuna hanyar zunubi yana da kaso a ciki.

"Da kuɗina na gyara, ban nemi diyya ba." Duba lafazin tambayar. In an ce haɗari ko hasara, ko an nemi diyya ko ba a nema ba, to sai ka faɗa.

"Na manta." Mantuwa ta gaskiya babu zunubi a kanta, amma ranar da ka tuna, gyara ya hau kanka.

NA SHIDA: ABIN YI

Kafin ka je, rubuta duk abin da ya faru da motar ko gidan, da shekara, da abin da aka kashe. Ka amsa kowace tambaya yadda take. Motar haya kada a rubuta ta gida, wannan ya yi yawa a tsakaninmu. Ka riƙe kwafin takardar. Wajen sabuntawa duk shekara, ka faɗi abin da ya canja.

Gaskiyar kuma ɓangare biyu ce. Mu da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da ta Zurmi zuwa Jibiya, mun san irin jarrabawar da ake ciki, Allah ya kawo mana ƙarshenta. Yawancin yarjejeniyoyi suna cire hasarar yaƙi da ta'addanci da tarzoma sai an yi sharaɗi na musamman. Saboda haka ka faɗa musu hanyoyin da motarka ke bi, ka tambaye su ƙarara: in 'yan bindiga suka ƙwace ko suka ƙona, kuna biya? Amsar ta zama a rubuce. Sannan ka tabbatar takardar ba jabu ba ce, ta hanyar duba lambar motarka a rumbun bayanan NIID.

Wanda ya riga ya ɓoye, ƙofar tuba a buɗe take. Ya rubuta wa kamfanin ya gyara bayaninsa, ya biya cikon in sun nema. Wanda ya karɓi diyya a kan ƙarya, tubarsa ba ta cika sai ya mayar da haƙƙi ko an yafe masa.

Ɗan uwana na Ƙaura, koma ka karɓi takardar nan, ka rubuta da hannunka: ta faɗi bara, an biya ni kaza. In kuɗin sun hau, ka biya, ko ka gwada wani kamfanin da wannan gaskiyar dai. Arzikinka ba ya cikin wancan layin da aka ce ka cike da ƙarya.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu da gidajenmu, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya wadata mu da halal. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu duba in sha Allah.

Wallahu a'alam.