Danƙon Ƙwaƙwalwa: Yadda Karatu Ke Zama a Ka

Gabatarwa

Kowane ɗalibin harshe ya san wannan matsala: ka haddace kalmomi da dare, gari na wayewa rabinsu sun gudu. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan abin da ke riƙe karatu a cikin ƙwaƙwalwa.

Mahaɗa da Danƙonta

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Wurin da wata ƙwaya ke miƙa saƙo ga 'yar'uwarta shi ake kira mahaɗa. A nan akwai 'yar tazara tsakaninsu, kimanin nanomita 20, kuma wasu nau'o'in furotin ne ke riƙe su daura da juna tamkar danƙo. Daga cikinsu akwai kadarin, wanda masanin Japan Masatoshi Takeichi ya gano, kuma ba ya kamawa sai da sinadarin kalsiyam. Akwai kuma wanda ake kira NCAM.

Dangantakarsa da Tunawa

A 1973, Bliss da Lømo sun nuna cewa idan aka yawaita aika saƙo ta wata mahaɗa a ƙwaƙwalwar zomo, takan ƙara ƙarfi na tsawon sa'o'i. Masana suna ganin wannan ƙarfafuwa ita ce tushen tunawa. To ina ruwan danƙo? A 1998, Erin Schuman da abokan aikinta sun hana kadarin kamawa a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, sai ƙarfafuwar ta ragu. Haka nan, a 1994 an gano cewa ɓerayen da ba su da NCAM suna shan wahalar koyon hanya.

Sai dai danƙon ba ya zama a ƙafe. Eric Kandel ya yi nazarin wani dodon-koɗin teku mai suna Aplysia. A 1992, shi da abokan aikinsa sun lura cewa idan aka zuba wa ƙwayar jijiyarsa sinadarin sirotonin, wanda ke taimaka masa koyo, takan janye wani ɓangare na danƙonta. Wato sai riƙo ya sassauta kafin sababbin mahaɗai su tsiro. A wannan halitta, zubi ɗaya yakan ƙarfafa mahaɗa na 'yan mintoci kawai, amma zubi biyar da hutu a tsakani yakan kai kwana guda ko fiye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu fahimci cewa tunawa gini ne: a sassauta, a ƙara, a sake ɗaurewa. Gini kuwa yana buƙatar lokaci. Saboda haka, ɗan'uwa ɗalibi, kada ka jira daren jarrabawa kafin ka fuskanci gire-giren aikatau. Ka karanta yau, ka huta, ka maimaita gobe. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.