Amsoshin Tambayoyinku: Naman Layya a Ledar da Aka Zuƙe wa Iska

Wannan saƙo daga Maman Aisha ne a Zariya. Ta ce ta sayi na'urar da ke zuƙe iska daga leda ta liƙe bakinta, tana tambaya ko za ta iya adana naman layya a ciki ba tare da firij ba.

Maman Aisha, mun gode da tambaya. Amsar ita ce a'a. Zuƙe iska na hana fumfuna da saurin lalacewar mai, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ma wata ƙwayar cuta da ta fi jin daɗin wurin da babu iska. Gubarta, mai jawo ciwon da likitoci ke kira botulizim, tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma sau da yawa ba ta sa nama wari ko canja kala.

Don haka ɗanyen nama da kifi, firiza ne gidansu. Idan za ki narkar da kifi, ki fitar da shi daga ledar tukuna. Dafaffen abinci kuwa, ki bari ya huce kafin ki liƙe, kuma kada ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firij. In an ɗauke wuta, firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4 kacal.

Ɗanyar tafarnuwa da albasa, kada ki liƙe su. Shinkafa, wake da kilishin da ya bushe ƙayau, waɗannan ba matsala.

Ki tuna, Maman Aisha: leda ba ta maye gurbin sanyi. Allah ya ƙara lafiya.