Darasi: Yadda Ake Gina Kasuwa Cikin Wasan Kwamfuta

Jama'a, duk wanda ya leƙa wasannin da yaranmu ke bugawa a waya zai ga duwatsu da dazuzzuka da birane iyakar ganin ido. Kada a zaci mutum ne ya zauna ya zana kowace bishiya. Sau da yawa ƙa'idoji ake rubuta wa kwamfuta, ita kuwa ta yi ginin.

Dabarar ta daɗe. A 1984 waɗansu samari biyu a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fito da wasan Elite mai duniyoyi 2,048, a na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobait 32 ba. Lambobi kaɗan suka adana, watau "iri", lissafi kuma ya tsiro da duniyoyin daga cikinsa. In aka sāke shuka irin nan, abin da ya fito jiya shi zai fito yau.

To, a ce ɗalibi yana son gina kasuwa irin Alaba Rago ta Ojo a Ikko, inda Hausawa suka yi suna da cinikin raguna da kayan abinci. Da farko sai ya tambayi dattawan da suka san wurin, ya rubuta ƙa'idoji: turakun dabbobi su kasance kusa da inda manyan motoci ke sauke kaya, kowace rumfa ta sami hanya, masallaci ya dubi alƙibla. Sa'an nan ya zana abubuwa kaɗan da hannunsa, misali rumfa iri uku, da buhun albasa, da rago. Kwamfuta ce za ta riɓanya su, tana zaɓe ta hanyar ƙuri'a.

A nan gwaninta take. In aka sakar wa ƙuri'a linzami, sai a iske rago bisa rufin masallaci. In kuwa aka matse ta ainun, kasuwa ta koma barikin soja. Lalle ne a riƙa canza ƙa'ida ɗaya tak, a duba sakamako, kafin a taɓa wata. Domin tudu da kwari da taɓo, akwai lissafin da Ken Perlin ya ƙago a Amurka a 1983.

A 2022 gwamnatin Jihar Legas ta ba mazauna Alaba Rago wa'adin tashi, saboda haka mai niyyar wannan aiki ya gaggauta neman dattawan nan. Manhajojin Blender da Godot kyauta ake saukar da su daga intanet.