Idan Injin Jirgi Ya Mutu Bayan Tashi

Ɗan'uwa mai karatu, in ka je Agadas za ka ji ana kiran filin jirgin sama da sunan Mano Dayak. Ka san dalili? Mano Dayak ɗan kwarin Tiden ne, nan ƙasarmu ta Abzin. Ran 15 ga Disamba 1995 ya shiga wani ƙaramin jirgi a Adrar Shiriyet, za shi Yamai wajen maganar sulhu. Jirgin ya tashi ke nan sai ya faɗo. Ba wanda ya tsira cikinsu. Allah ya jiƙan su.

Lokacin tashi lokaci ne mai haɗari ga kowane jirgi. Abin da matuƙi ya fi tsoro a lokacin nan shi ne inji ya mutu. Bari mu ga yadda abin yake.

Ka taɓa ganin babbar mota da kaya tana hawan tudu a hanyar Arlit? Nan ne inji ke ba da dukan ƙarfinsa. To, haka jirgi yake in zai tashi. Tankinsa cike da mai, ga mutane, ga kaya, kuma bai yi nisa da ƙasa ba. In mota ta mutu, sai direba ya ratse gefe ya buɗe inji. Jirgi kuwa ba shi da gefen hanya.

Me ke kashe inji? Na farko, ruwa cikin mai. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki. Don haka matuƙi kan tsiyayi man kaɗan a ƴar kwalba, ya ɗaga ya duba kafin ya tashi. Na biyu, ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar ni da kai, ƙura kuwa tana toshe shi. Na uku, rashin gyara a kan kari.

Akwai kuma zafi. In rana ta yi zafi, iska takan yi sakayau. Inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fukafukai ba su samun abin dafawa sosai. Shi ya sa a ƙasa irin tamu tashin sassafe ya fi.

Ko manyan jirage ba su tsira ba. A Kano, ran 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, wani jirgin fasinja ya zarce ƙarshen titinsa. Injunansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu.

To, in inji ya mutu, shi ke nan? A'a. Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Dubi ungulu, takan shimfiɗa fukafukai ta yi ta tafiya ba ta kaɗa su ba. Jirgi ma haka, muddin bai rasa gudu ba. Sai matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin nan da nan, ya nemi fili a gabansa ya sauka. Zuciya za ta ce masa ya juya ya koma inda ya taso. Amma juyawa tana cin tsawo, tana cin gudu. Matuƙa da yawa sun hallaka garin juyawar nan.

Ɗan'uwa, ko ba ka taɓa shiga jirgi ba, kana shiga mota. In ka ga direba yana duba mai da ruwa, kar ka ce yana ɓata maka lokaci. In ya ce kaya sun yi yawa, rage. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. A wace shekara Mano Dayak ya rasu?
2. Faɗi abu uku da ke kashe inji.
3. Don me ba a so matuƙi ya juya baya?