Duba Jikin Kaya Kafin Ka Biya

Abin da ya sa aka rubuta wannan 'yar takarda shi ne yawan kayan ci da na sha marasa shaida da ke yawo a shagunan Muchia da Kasuwar Sabon Gari, har zuwa Samaru. Doka ta wajabta wa duk mai sarrafa abinci ko abin sha ko magani ya rubuta a jikin mazubin sunan kayan, da abin da aka haɗa su da shi, da sunansa da adireshinsa, da ranar da aka yi su, da ranar da wa'adinsu zai ƙare, da lambar rukunin da aka yi su tare, sannan lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993.

Mafi haɗari a cikin abin da ake yi shi ne raba kaya da takardarsu. Ɗan kasuwa ya sayo buhun madarar gari ko garin lemo wanda kwanansa ya ƙare ko ya kusa, don an karya masa farashi. Sai ya zazzage, ya ƙulla a farar leda, ya jefar da buhun. Wani kuma ya sa tsumma da kananzir ya goge kwanan watan da ke gindin gwangwani, ya buga sabo. Daga nan kayan sun zama marasa asali.

Ku dubi yadda muke yi in an zo neman auren 'yarmu. Ba wanda ke cewa "na ba ka" don ya ga babbar riga da ƙamshin turare. Sai an tambayi ɗan gidan wane ne, a wace unguwa yake, me yake yi, wa zai tsaya masa. A aika dattawa su bincika, a nemi waliyyi, a tara shaidu, don in ta ɓaci gobe a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. To, rubutun jikin gwangwani shi ne asalin kaya, adireshin kamfani shi ne gidan ubansu, lambar hukuma ita ce shaidunsu. Yaya mutumin da ba zai ba baƙo 'yarsa ba zai ɗauki ƙullin da bai san daga inda ya fito ba ya dama wa jaririnsa?

Mutanen Kano sun ga abin da ke biyo baya. A watan Maris na 2021 aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, waɗansu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami. Mu ma a nan ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan ta hanyar lalata musu ƙoda, har da waɗanda aka kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan magani yana da suna da adireshi a jikinsa, shi ya sa aka iya bin sawunsa har Legas, aka janye shi daga kemis-kemis, kotu ta ɗaure mutum biyu shekara bakwai-bakwai a 2013. Da a leda yake, wa za a kama?

Kai mai shago, kada ka ce "ai ni ma haka na saye shi." Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya iske jiƙaƙƙe an ɓoye a ƙasa, ya kuwa tsawata masa. Goge kwanan wata ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ne, algus ne. Ka tsaya a sahun gaba a masallaci alhali a shagonka akwai madarar da kai kanka ba za ka ba ɗanka ba? Ribar nan haram ce, ko da jami'in hukuma bai taɓa leƙowa layinku ba.

Sauran a taƙaice. Mai ruwan leda ya yi rajista, kada ya ari lambar wani ya buga. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ya daina cewa kwalba ɗaya tana maganin cuta goma. Fiya-fiya da maganin ƙwari kada a zuba su a gorar lemo. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara ga NAFDAC ko hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC.

Uwargida, in ba kya karanta boko, ga ɗanki ɗan firamare, miƙa masa ya duba miki kwanan wata. Maigida, in ka ga alamar goge ko an liƙa takarda a kan takarda, mayar wa mai shi kayansa, ka kuma gaya wa shugaban kasuwa.