Idan Ƙaramin Jirgi Ya Faɗi, Wa Ke Bincike?

Wani manomin shinkafa daga Kura ya aiko yana tambaya: idan ƙaramin jirgin sama ya faɗi, misali a gonakin noman rani da ke tsakaninsu da Bunkure, wa ke gano musabbabin, kuma ta yaya?

To malam, wannan aikin hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ne, wato NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar AIB. Ƙa'idar duniya ita ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, cikakken kuma cikin shekara guda in ya samu. Masu binciken ba neman mai laifi suke yi ba, so suke kada a maimaita.

Kano ta taɓa ganin irin wannan. Ranar 17 ga Janairu, 1996, ƙaramin jirgin fadar shugaban ƙasa ya faɗi daf da sauka a Kano, mutum 14 suka rasu, ciki har da Ibrahim, ɗan Janar Sani Abacha.

Wahalar binciken ita ce, ƙananan jirage da yawa ba su da na'urar naɗar bayanai, wadda ake kira baƙin akwati alhali ruwan lemo ce. Sai a koma kan tarkace: shin injin na juyawa lokacin da ya bugi ƙasa, akwai ruwa a cikin mai, hazo ya rufe gari, matuƙin ya gaji? Shi ya sa in abin ya faru a gonarka, Allah ya kiyaye, ka ceci mai rai, ka sanar da 'yan sanda, amma ko ƙusa kada a tsinta a kai wa 'yan gwangwan.